Wa Ke Biyan Kuɗin Ƙwallon Ragar 'Yan Mata a Jami'o'in Amurka?

Ranar 30 ga Agusta 2023, mutum 92,003 suka cika filin wasan jami'ar Nebraska da ke garin Lincoln don su kalli 'yan mata suna buga ƙwallon raga. Filin na maza ne, na ƙwallon Amurka, aka shimfiɗa dandamali a cikinsa aka kafa raga. Shi ne taro mafi girma da hukumomi suka taɓa tabbatarwa a wani wasan mata a duniya. Wanda ya ga hoton zai ɗauka harka ce da kuɗi ke kwarara a cikinta kamar ruwan Agusta.

'Yan'uwa, maganar nan ta shafe mu. In kina Bronx ko Columbus ko Houston, kuma Allah ya ba ki 'ya doguwa, ko ba jima ko ba daɗe wani malamin motsa jiki zai tare ta a makaranta ya ce ta zo gwaji. Za ta dawo gida da takarda, da kalma ɗaya mai sa zuciyar uba ta buga: sikolashif. A ƙasar da digiri ɗaya kan bar mutum da bashin da zai yi shekara goma ko ashirin yana biya, ba wanda zai ji an ce karatu kyauta ya ƙi saurara.

Abin da nake so ku riƙe shi ne: in an cire jami'o'i 'yan ƙalilan, kuɗin da ke biya wa 'yar ƙwallon raga karatu ba daga ƙwallon ragar yake fitowa ba. Doka ce ta sa a fitar da shi, an sha shari'a kafin ya zauna, kuma har yau ana jan zaren. Wanda ya san yadda aka faro shi ne zai san tambayar da zai yi wa koci ranar da ya zo falonsa da murmushi.

Wasan da aka ƙirƙira don manyan mutane

A 1895 wani malamin motsa jiki mai suna William Morgan, a ƙungiyar YMCA ta garin Holyoke da ke jihar Massachusetts, ya ga ƙwallon kwando ta yi wa 'yan kasuwar da ke zuwa wurinsa tsanani. Mutane ne da shekaru suka fara ja, ba sa son ture-ture. Sai ya ɗaga raga a tsakiya, ya ce a riƙa tura ƙwallo daga wannan ɓangare zuwa wancan. YMCA da sojojin Amurka suka yaɗa wasan a duniya. A 1964 ya shiga gasar Olimfik a Tokyo, maza da mata, kuma matan Japan suka ci zinare a gidansu.

A jami'o'in Amurka kuwa, a wancan lokacin mata suna wasa ne a gefe. Malamar motsa jiki ce koci, sau da yawa ba ƙarin albashi. 'Yan wasa su sayar da kek su tara kuɗin mai, su cusa kansu a motar malama, su yi atisaye a lokacin da maza suka gama da zaure. Kafin 1972 matan da ke wasa a jami'o'i ba su kai 32,000 ba, kuma abin da ake kashe musu bai wuce kashi 2 cikin 100 na kuɗin wasanni ba. Gasar ƙasa ta farko ta ƙwallon ragar mata an yi ta a 1970, kuma wata ƙaramar jami'a ce daga ƙuryar yammacin Teksas, Sul Ross, ta ci, ta sake ci a shekara mai bi. A lokacin ƙaramar makaranta na iya doke babba, tunda kowa aljihunsa babu komai.

Doka mai kalma 37

Ranar 23 ga Yuni 1972 shugaba Nixon ya sa hannu a kan wata dokar ilimi. A cikinta akwai sashen da ake kira Title IX, wato Babi na Tara. Jimlarsa ta farko kalma 37 ce, kuma ba ta ambaci wasa ko sau ɗaya ba. Abin da ta ce a taƙaice: duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba za ta ware mutum ko ta hana shi wani amfani don jinsinsa ba. Waɗanda suka tsaya mata a majalisa, irin su Edith Green da Patsy Mink da Birch Bayh, hankalinsu na kan ɗaukar ɗalibai da ɗaukar malamai. Ita Patsy Mink likita ta so zama, makarantun likitanci suka ƙi ɗaukarta, sai ta koma lauya. Bayan rasuwarta a 2002 aka sa wa dokar sunanta.

Masu riƙe da wasannin maza sun gane inda aka dosa tun da wuri. A 1974 sanata John Tower na Teksas ya nemi a cire wasannin da ke kawo kuɗi daga ƙarƙashin dokar, bai yi nasara ba. A 1979 gwamnati ta fitar da ma'auni uku, makaranta ta cika ɗaya daga ciki: ko yawan 'yan wasa mata ya yi daidai da yawan ɗalibai mata, ko ta nuna tana ƙara wa mata gurabe a kai a kai, ko ta nuna ta biya buƙatar duk matan da ke son wasa kuma suka iya. Kuɗin sikolashif ma dole a raba shi gwargwadon yawan 'yan wasa.

A nan ne ƙwallon raga ta tsinci dami a kala. A tsohon tsari babbar jami'a tana ba wa 'yan ƙwallon Amurka, waɗanda duk maza ne, sikolashif 85. Dole a samo wa mata abin da zai daidaita sikeli. Ƙwallon raga ba ta da tsada: raga, ƙwallo, da zauren da dama an riga an gina wa 'yan kwando. Shi ya sa shekara da shekaru ƙungiyar mata a rukuni na ɗaya take da cikakken sikolashif 12, ta maza kuma 4.5 kacal su raba, kuma ƙungiyoyin mazan ma 'yan kaɗan ne. Kun ga ashe ba don ana cinikin tikiti aka buɗe wa mata ƙofa ba.

Da kuɗi ya shigo, wa ya fita?

Ƙungiyar da ta fara riƙe wasannin mata ita ce AIAW, wadda aka kafa a 1971, kuma mata malamai ne ke tafiyar da ita. Ra'ayinsu shi ne yarinya ɗaliba ce kafin komai. Sun ga yadda ake sayen 'yan wasa maza, wasu su gama shekara huɗu ba digiri, suka ce ba za a yi wa mata haka ba. Har sikolashif na wasa suka haramta da farko. A 1973 wasu 'yan wasan tanis a Florida suka kai ƙara, suka ce ai wannan ma wariya ce, tunda maza na samu. AIAW ta janye haramcin.

Cikin waɗanda suka fara cin moriyar hakan akwai Flo Hyman, baƙar fata daga Kalifoniya mai tsawon mita 1.96, mace ta farko da jami'ar Houston ta ba sikolashif na wasa. Ku riƙe sunanta, za mu sake haɗuwa da ita.

Da gasar mata ta fara jan 'yan kallo da gidajen talbijin, sai NCAA, ƙungiyar maza da ta yi shekaru tana yaƙar dokar, ta ce ita ma za ta shirya gasar mata. Ta zo da abin da AIAW ba ta da shi: za ta biya wa ƙungiyoyi kuɗin tafiya. A 1981 aka yi gasa biyu a shekara ɗaya. Teksas ta ci kofin AIAW na ƙarshe, jami'ar Kudancin Kalifoniya ta ci kofin NCAA na farko. A 1982 AIAW, mai mambobi kusan 1,000 a lokacin ganiyarta, ta rufe ofis. Ta kai ƙara kotu, ta faɗi.

Kuɗi ya ƙaru, wannan gaskiya ne. Amma a 1972 sama da kashi 90 cikin 100 na ƙungiyoyin mata, mata ne ke horar da su. Da aikin ya zama mai albashi, maza suka shigo, adadin ya faɗo ƙasa da rabi. A ƙwallon raga sai a Disamba 2024 aka samu mace ta farko da ta ci kofin rukuni na ɗaya a matsayin babbar koci, Katie Schumacher-Cawley ta Penn State, kuma ta yi hakan tana cikin jinyar kansar mama. Shekara 43 kenan da fara gasar.

Shekarun kotu

A 1984 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar kwalejin Grove City, ta ce dokar ta shafi sashen da ke karɓar kuɗin tarayya ne kawai, ba makaranta gaba ɗaya ba. Sashen wasanni ba ya karɓar irin wannan kuɗi kai tsaye, don haka dokar ta zama kyanwar Lami. A shekarar ce Flo Hyman da abokan wasanta suka ciyo wa Amurka azurfa a Olimfik na Los Angeles, kuma ta yi amfani da sunan da ta samu ta shiga sahun masu matsa wa majalisa ta gyara ɓarnar.

Ba ta ga gyaran ba. Ranar 24 ga Janairu 1986 tana buga wa wata ƙungiya a Japan, aka canja ta, ta zauna a benci, ta faɗi. Shekararta 31. Bincike ya nuna tana da cutar Marfan, wadda ba a taɓa gano mata ba. Cuta ce ta gado da ke sa mutum tsawo da dogayen hannuwa da yatsu, tana kuma raunana babbar jijiyar da ke fita daga zuciya har ta yage. Tsawon da ya kai ta Olimfik alamar ciwon ne. A 1988 majalisa ta maido wa dokar haƙoranta, duk da shugaba Reagan ya hau kujerar na ƙi.

Daga nan aka koma faɗan aljihu. A 1991 jami'ar Brown, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in masu hannu da shuni, ta ce za ta rage kashe kuɗi, ta janye tallafi daga ƙungiyoyi huɗu, biyu na maza biyu na mata. Ƙwallon ragar mata na ciki. Kuɗin da za a tsira da shi daga ƙungiyar ragar dala 37,127 ne a shekara. 'Yan matan, da wata 'yar wasan tsalle-tsalle mai suna Amy Cohen a gaba, suka kai ƙara a 1992. Brown ta yi ta ɗaukaka ƙara tana faɗuwa, har 1997 da Kotun Ƙoli ta ƙi sauraronta. Wannan shari'a ce ta nuna wa sauran jami'o'i cewa ma'aunin 1979 ba ado ba ne.

Duk da haka a 2009 jami'ar Quinnipiac a Connecticut ta sanar za ta rushe ƙungiyar ragar mata, ta cike gurbin da 'yan rawar ƙarfafa gwiwa masu gasa. 'Yan wasan da kocinsu suka je kotu. A 2010 alƙali ya ce wannan rawar ba ta kai matsayin wasan jami'a da za a ƙirga ba tukuna, ƙungiyar raga ta tsira. Ku lura da abin da ya faru sau biyun nan: da aljihu ya matse, ƙwallon raga na cikin abin da aka fara kai wa wuƙa, kuma kotu ce ta riƙe hannun mai yankan.

Littafin kuɗi

Yau akwai jami'o'i kusan 340 masu ƙungiyar ragar mata a rukuni na ɗaya. Ƙungiya na cin albashin koci da mataimaka, kuɗin jirgi da otal da abinci, kuɗin likita da mai duba rauni, sannan kuɗin makarantar 'yan wasa. A manyan jami'o'i wannan miliyoyin daloli ne a shekara. Waɗanda tikiti da talla ke iya rufe musu wannan ba su taka kara sun karya ba. Nebraska ce fitacciya: ta ci kofi sau biyar, a 1995, 2000, 2006, 2015 da 2017, kuma tun 2001 tikitin wasanninta na gida ke ƙarewa. Hawayi ma ta daɗe da jama'a. Amma jiha ce da ba ta da babbar ƙungiyar ƙwararru ta kwando ko ta ƙwallon Amurka, kuma an yi shekara arba'in ana gina abin. Sauran jami'o'i kan buga wasa gaban 'yan ɗaruruwa.

To wa ke cike giɓin? A manyan jami'o'i, kuɗin talbijin na ƙwallon Amurka da kwandon maza, da gudummawar tsofaffin ɗalibai. A ƙanana da matsakaita, asusun jami'a da kuɗin da ake ɗora wa kowane ɗalibi a takardar biyan makaranta. In ɗanki na karatun akanta a jami'ar jiha, bai taɓa taka zauren wasa ba, da wuya in ba ya cikin masu biya. A duk rukuni na ɗaya, sassan wasannin da ke samun abin da ya fi wanda suke kashewa ba su fi 20 zuwa 30 ba a shekara mai kyau.

Ba sai kun yarda da ni ba, kuna iya dubawa. Tun 1994 akwai dokar da ta wajabta wa kowace jami'a mai wasannin maza da mata ta bayyana abin da take samu da wanda take kashewa a kowane wasa, ana kiranta EADA, kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya na ajiye alƙaluman a intanet kyauta. Sai dai akwai tarko. Za ku ga makarantu da yawa kuɗin shiga da na fita sun zo daidai har dala ta ƙarshe. Ba wai ƙungiyar ta ciyar da kanta ba ne. Fom ɗin ya yarda a rubuta abin da jami'a ta zuba daga aljihunta a matsayin kuɗin shiga. Abin da ya fi amfani shi ne ku dubi layin kashewa na shekara huɗu ko biyar a jere. In yana sauka alhali na maƙwabta na hawa, kun san ƙungiyar ba ta gaban goshi.

Sai lissafin namu aljihun. 'Yan matan da ke buga raga a sakandaren Amurka sun haura 450,000, sun fi 'yan kwando yawa. A tsohon tsari, jami'a 340 sau 12 sikolashif kusan 4,000 ne, in kowace ta cika nata, kuma da yawa ba sa cikawa. A raba shi aji huɗu, gurbi kusan 1,000 ke buɗewa a shekara, kuma 'yan Turkiyya da Sabiya da Brazil na neman shi tare da 'yarki. Kusan yarinya ɗaya cikin ɗari ce ke kaiwa rukuni na ɗaya. Kociyoyin jami'a kuma a gasar kulob-kulob masu zaman kansu suke farauta, inda iyaye ke biyan dubban daloli a shekara, ban da mai da otal. A ce iyali sun kashe dala 5,000 a shekara har shekara shida: 30,000 kenan, kuɗin da zai yi nisa a jami'ar jiha. Rukuni na biyu sikolashif 8 ne ake yayyankawa. Rukuni na uku da jami'o'in Ivy, irin su Brown da Harvard, ba sa ba da sikolashif na wasa ko kaɗan, sai na ƙaramin ƙarfi, a rukuni na uku kuma har da na maki.

Littafin maki

Nan labarin ya fi daɗi. 'Yan ragar mata suna cikin waɗanda suka fi kowa gama karatu a duk wasannin jami'a. A ma'aunin NCAA, sama da kashi 90 cikin 100 na samun digiri cikin shekara shida. Ƙungiyar kociyoyin raga ma tana da lambar yabo ga duk ƙungiyar da matsakaicin makinta ya kai 3.3 cikin 4, kuma ɗaruruwan ƙungiyoyi ke samu kowace shekara. Akwai dalilai. Yaran da iyayensu suka iya biyan kulob galibi daga makarantu masu kyau suka fito. Sannan har kwanan nan ba wata babbar gasar ƙwararru a cikin Amurka da za ta ja yarinya ta bar aji, sai a 2024 da 2025 aka buɗe sababbi. Kowa ta san digirin ne abin tafiya da shi.

Amma ku san abin da alƙaluman ke aunawa. Tun wajen 2004 NCAA ke amfani da ma'aunin APR. Kowace 'yar wasa mai sikolashif tana kawo maki biyu a zango: ɗaya don ta ci jarrabawa gwargwadon ƙa'ida, ɗaya don ta ci gaba da zama a makarantar. Ƙungiya mai mutum 12 na da maki 48 a shekara. In ta rasa biyu ta samu 958 cikin 1,000, in ta rasa huɗu ta faɗo 917. Wadda matsakaicinta na shekara huɗu ya gaza 930 ana iya hana ta shiga gasa. Ma'aunin bai tambayi me yarinyar ke karantawa ba. Mai karatun haɗa magunguna da wadda aka tura kwas ɗin da ya fi sauƙin jadawali duk maki biyu ne. Ma'aunin gama karatun ma ba ya ƙirga wadda ta bar makarantar da maki mai kyau, ko ta gama a wani wuri ko ba ta gama ba.

A nan aikina ya ba ni bakin magana. Digirin jinya yana da ranakun asibiti, awa 8 zuwa 12 a tsaye, kuma ba a ɗaga su don kina da wasa a wata jiha. Kakar raga daga Agusta ne zuwa Disamba, wasa biyu a mako, rabinsu a waje. A takarda doka ta ce atisaye da wasa kada su wuce awa 20 a mako, amma tafiya da jinyar rauni ba sa cikin ƙirgen. Tun 2024 abin ya ƙara tsawo, domin neman kuɗin talbijin na ƙwallon Amurka ya sa jami'o'in Los Angeles sun koma rukunin da ke da mambobi har New Jersey, Stanford kuma ta koma na gaɓar Atlantika. Yarinya ta yi awa biyar a jirgi, agogo ya canja da awa uku, ta dawo ranar Litinin ta shiga ɗakin gwaji. Shi ya sa wasu kociyoyi, cikin lalama, kan ce wa yarinya ta ajiye jinya ko injiniyanci ta ɗauki wani abu tukuna.

Ana iya haɗa biyun, kuma 'ya'yan maƙwabtanmu na kudancin Najeriya sun nuna. Ogonna Nnamani ta ci kofi da Stanford a 2001 da 2004, ta ciyo azurfa a Olimfik na 2008, daga baya ta koma makarantar likitanci ta zama likita. Foluke Akinradewo, ita ma 'yar Stanford, da Chiaka Ogbogu ta Teksas suna cikin waɗanda suka ciyo wa ƙungiyar ragar matan Amurka zinarenta na farko a Tokyo a 2021. Amma ga Flo Hyman can baya, wadda ta bar Houston kafin shekararta ta ƙarshe don ta buga wa ƙasa. Tarihin yana da irin waɗannan da irin waɗancan.

Sabon zubi

Daga 1 ga Yuli 2021 aka yarda ɗan wasan jami'a ya karɓi kuɗin talla da sunansa da hotonsa. In 'yarku da bizar ɗalibai ta zo daga gida, ku yi hattara, bizar ta taƙaita aikin da za ta iya yi, kada talla ta dala 500 ta jawo mata matsalar takardu. Sai kuma Yuni 2025, da alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House. Za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, kuma kowace jami'a da ta shiga tsarin na iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. An cire iyakar sikolashif 12, an sa iyakar 'yan wasa 18, makaranta na iya biya wa dukansu in ta ga dama.

In ta ga dama, kuma in tana da shi. Kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin bayan an tsara shi ne ga 'yan ƙwallon Amurka da kwandon maza, abin da ya sa wasu 'yan wasa mata suka ɗaukaka ƙara da sunan Babi na Tara. Irin su Nebraska da Teksas za su ƙara wa 'yan ragarsu. Ƙaramar jami'a da ke fama da kuɗin wuta za ta nemi inda za ta rage, kuma kun riga kun ga inda Brown da Quinnipiac suka fara dubawa.

Kafin a sa hannu

Ban ce ku hana yarinya wasa ba. Yana gina jiki, yana koya mata tsayuwa cikin mutane, kuma ƙofar ta fi buɗuwa ga namu yanzu. A 2020 an hana wata yarinya 'yar shekara 14 buga raga a Nashville saboda hijabinta, surutun da ya biyo baya ya sa a 2021 aka canja dokar sakandare, ba sai an nemi izini ba. Abin da nake cewa shi ne ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da koci ya kira, Baban yara, kada kunya ta hana ka tambaya, su ma sun saba.

Ku tambaya sikolashif ɗin na shekara ɗaya ne ko na huɗu, kuma a rubuce. Ku tambaya me zai faru in gwiwa ta tsinke, ko kocin ya samu aiki a wani wuri. Ku tambaya wa ke biyan asibiti, har zuwa yaushe bayan ta gama. Ku ce a nuna muku abin da 'yan aji uku da aji huɗu na ƙungiyar ke karantawa, a kuma gaya muku ko an taɓa samun wadda ta gama jinya ko kimiyya tana wasa. Ku yi maganar sutura tun yanzu. Ta fannin lafiya, tun 2010 rukuni na ɗaya ke neman sanin ko ɗan wasa na ɗauke da ƙwayar sikila, kuma mu mutanen Afirka ta Yamma AS ya yi mana yawa. Ba ya hana wasa, amma mai horarwa ya sani don kada a matsa mata cikin zafi ba ruwa ba hutu. In kuma a dangi akwai dogaye da suka yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya, ku gaya wa likita, a duba zuciya kafin a fara.

Tambaya ta ƙarshe ku yi wa yarinyar ce, ba koci ba: in gobe aka rushe ƙungiyar nan, za ki so ki ci gaba da zama a wannan makaranta, kuma za mu iya biya? In amsar e ce, ku sa hannu da bismillah. In a'a ce, jami'ar rukuni na uku da ta ba ta tallafi saboda makinta ta fi, domin wannan tallafin ba ya tafiya da gwiwa. Allah ya raya mana su, ya sa su fi mu.